Kwana Uku A Lissafin Banki

Zan fara da wata tambaya wadda ko ɗan aji ɗaya na firamare zai ce ya san amsarta. In an ce maka ranar Alhamis da yamma ka dakata kwana uku, wace rana za ka koma? Kowa zai ce Lahadi. Haka na ce, haka kuma mahaifina ya ce. Amma a hutun Babbar Sallar 2025 muka gane akwai inda kwana uku ke kai mutum har Juma'ar mako na gaba, watau kwana takwas cur. Wurin nan kuwa shi ne banki, har da irin bankin nan na cikin waya wanda ake ce mana ba ya rufewa dare da rana. Abin da ya same mu, da abin da na tambayo bayan na komo makaranta, su nake so in bayyana, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Bankin da da bankin yanzu

Ƙauyenmu yana ƙasar Bakori, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, kuma mu manoma ne iyaye da kakanni. Kakana ya sha ba mu labarin zamanin da auduga ke tashe. In an yi kaka sai su ɗora ta bisa jakuna su kai fuloti, a auna, a biya su kuɗi a hannu, sa'an nan a kwashe ta zuwa gidajen gurza na Funtuwa da Malumfashi. Kuɗin nan ba su ganin banki. Wasu a zuba su cikin asusun ƙasa, wasu a sayi saniya ko tunkiya, wasu kuwa a ba wani amintaccen attajiri ajiya. Ya ce bai taɓa taka ƙofar banki ba sai bayan da aka bar fam da sule aka koma Naira a 1973, kuma aikin gonar nan na Bankin Duniya ya zo Funtuwa a 1975, noman masara da takin zamani suka bunƙasa, kuɗi suka fara kauri a hannun manoma.

Bankin wancan zamani yana da gini, da maigadi, da akawu a bayan kanta, da manaja a ofishinsa. Ka zo da ɗan littafinka, a ba ka lamba, ka zauna bisa benci har a kira ka. Kaka ya ce in ka yi sakaci azahar ta riske ka a hanya, to ka yi asarar kuɗin mota, don za ka tarar an ja ƙofa. Wahala ce ƙwarai, amma kowa ya san lokacin buɗewa da na rufewa, kuma in lissafi ya rikice ka san fuskar wanda za ka kama. Har yau ma manyan bankuna masu rassa galibi daga Litinin zuwa Juma'a suke aiki, daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma.

Daga baya sai ga wasu irin bankuna waɗanda kusan dukan aikinsu cikin waya yake. OPay ya fara aiki a Nijeriya a 2018, PalmPay da Kuda a 2019, ga kuma Moniepoint wanda na'urorinsa suka cika kasuwanninmu. Wasunsu lasisin ƙaramin banki gare su, wasu kuwa lasisin hada-hadar kuɗi ta waya, amma mu duk banki muke ce musu. Hedikwatarsu tana Legas, ofisoshinsu kaɗan ne, galibi a manyan birane. Abin da mutumin ƙauye ke gani nasu shi ne manhajar da ke cikin wayarsa, da mai POS da ke zaune ƙarƙashin laima a bakin kasuwa.

Da farko dattawan garinmu ba su yarda da su ba. Abin da ya tilasta musu shi ne canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sake fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Farkon 2023 tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbin kuwa suka ƙi wadata. Mutum yana da masara cike da rumbu amma ba shi da abin sayen gishiri. A lokacin ne Baba ya buɗe asusu a ɗaya daga cikin bankunan waya, ya sayi babbar waya ta hannu, ni da Yayana muke latsa masa, don shi ajami da Larabci ya karanta. Gaskiya kuwa mun ji daɗinsa. Ko tsakar dare ne a tura kuɗi su shiga nan take, ba layi, ba kuɗin mota. Har Baba ya riƙa yi wa Kaka ba'a, yana cewa bankinsa ba shi da ƙofa balle a rufe.

Abin da ya faru ranar jajibiri

Tun bayan kaka Baba ya turke raguna biyu da niyyar ya sayar gab da Salla ya sayi taki. Ranar Laraba, 4 ga Yuni, ya sayar da su, mai saye ya turo kuɗi cikin asusunsa ba wata matsala. Masararmu a lokacin ta yi kusan mako uku da shuka, an gama noman farko, taki kawai take jira. Kashegari Alhamis, 5 ga Yuni, ranar Arfa, muna ɗauke da azumi muka hau babur zuwa Funtuwa wurin wani Alhaji mai sayar da taki wanda gidanmu suka daɗe suna ciniki da shi. Gari ya cika maƙil, masu sayen rago, masu karɓar ɗinki, masu cefane. Layi bai zo kanmu ba sai bayan la'asar, wajen ƙarfe huɗu da rabi.

Aka yi ciniki, buhu huɗu, kamfa biyu yuriya biyu, Naira 180,000. Na sa lambar asusun Alhaji, wanda yake a wani babban banki mai reshe a cikin gari, sunansa ya fito daidai, Baba ya sa lambar sirrinsa. Waya ta yi ta juyi, can sai ta nuna wai ana kan aiki. Na duba abin da ya rage, na ga an cire kuɗin. Alhaji ya duba tasa wayar, shiru.

Baba ya ce, "Alhaji, ga shi fa an cire."

Alhaji ya ce, "Na gani, Malam, amma wallahi ba abin da ya shigo. Mu ɗan jira, yau sabis ɗin ne sai a hankali."

Muka jira har rana ta yi ja. Alhaji ya ce shi ba don bai yarda da Baba ba, amma ya yi wa kansa doka ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi a asusunsa, don an taɓa nuna masa rasit na bogi aka tafi masa da buhu goma. Bankinsa kuwa ga shi can ana hange, amma tun ƙarfe huɗu an rufe.

Sai na nemi lambar masu kula da abokan hulɗa a cikin manhajar na buga. Wata murya ta inji ta yi ta lissafa mini da Turanci in latsa kaza in latsa kaza, sa'an nan aka sa mini kiɗa har katin waya ya kusa ƙarewa. Daga bisani wata mata ta ɗauka. Ta yi mini magana cikin ladabi, sai dai ba ta jin Hausa, don haka na zama tafinta. Ta tambayi sunan mai asusu, da yawan kuɗin, da lokacin da aka tura, ta ba mu lambar ƙorafi, ta ce za a warware cikin kwana uku na aiki. A nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauka kalmar nan ta aiki ado ce kawai, sai na yar da ita, na ce wa Baba, "Ta ce kwana uku." Baba ya ƙirga da yatsunsa, ya ce, "Lahadi ke nan. To, Allah ya kai mu." Muka koma gida hannu rabbana, muka sha ruwa a hanya.

Aka yi Salla ranar Juma'a. Daren Asabar aka yi ruwa mai kyau, irin wanda manomi ke so ya zuba taki a bayansa. Lahadi ta zo ta kusa wucewa, ba kuɗi ba labarinsu. Na sake bugawa, wannan karon wani namiji ya ɗauka, shi ya zauna ya yi mini lissafin dalla-dalla. Juma'a 6 ga wata hutun Salla ce. Asabar da Lahadi ba a ƙirga su. Litinin 9 ga wata ita ma Gwamnatin Tarayya ta ba da hutu. Saboda haka Talata 10 ga wata ita ce rana ta ɗaya, Laraba 11 ta biyu. Alhamis 12 ga Yuni hutun Ranar Dimokuraɗiyya ne. Rana ta uku ita ce Juma'a 13 ga wata. Da na fassara wa Baba sai ya yi shiru, can ya ce, "Su ke nan suna da ranar da ba ta aiki ba. Manomi kuwa in damina ta sauka kowace rana ta aiki ce, masara ba ta san hutu ba."

Me ya sa haka?

Da na komo makaranta abin ya tsaya mini a rai, sai na kai wa malaminmu na Tattalin Arziki tambaya, don an ce matambayi ba ya ɓata. Ya ce in ɗauki bankin waya kamar gida mai ɗaki uku, kowane ɗaki da lokacin da yake buɗe.

Ɗaki na farko na inji ne. Shi ne ke karɓar umarni in ka tura kuɗi, ko ka duba abin da ya rage, ko ka sayi katin waya ko na wutar lantarki. Inji ba ya barci, ba ya zuwa Idi, ba ya cin naman layya. In an ce banki yana aiki awa 24, to galibi wannan ɗaki ake nufi, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Ɗaki na biyu na masu amsa kira ne da masu amsa saƙo. Kamfanoni da dama suna cewa wannan ma a buɗe yake dare da rana, ma'aikata suna yin karɓa-karɓa. Amma a lura da abu biyu. Sau da yawa wanda ke fara ba ka amsa a rubuce ba mutum ba ne, inji ne aka koya wa wasu amsoshi, sai ka nace kafin a haɗa ka da ɗan Adam. Sa'an nan ko mutum ne ya ɗauka, iyakar ikonsa ya saurare ka, ya rubuta ƙorafinka, ya ba ka lamba, ya toshe kati ko asusu in an sace waya. Ba shi da mabuɗin da zai ɗebo kuɗi ya maido maka.

Ɗaki na uku na masu daidaita lissafi ne, waɗanda ba mu ganinsu, ba mu jin muryarsu. Su ne ke bin sawun kuɗin da suka maƙale. Aikinsu mafi yawa a ranakun aiki yake tafiya, kuma ba su iya gamawa su kaɗai, sai sun sami amsa daga ɗaya bankin.

Don in fahimta sosai Malam ya ba ni misali da motar hatsi. Ya ce a ce ka loda masara a kasuwar Dandume za a kai wa wani ɗan kasuwa a Dawanau ta Kano. Akwai mai lodi, akwai direba, akwai mai karɓa. In kaya sun isa, mai karɓa zai aiko da shaida cewa sun sauka. To, haka kuɗi suke in za su tashi daga wani banki zuwa wani. Bankinka ya cire daga asusunka, ya miƙa saƙo ga wani kamfani da ake kira NIBSS, wanda Babban Banki da sauran bankuna suka mallaka, shi ne direban da ke tsakani. Tun 2011 yake gudanar da hanyar nan ta tura kuɗi nan take. Shi kuma ya isar da saƙo ga bankin mai karɓa, wannan ya zuba a asusu ya maido da amsa. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ake yinsa. Amma in amsa ba ta dawo ba, bankinka bai sani ba ko kaya sun sauka ko suna hanya. In ya yi gaggawar maido maka alhali sun shiga can, ya biya sau biyu ke nan. Sau da yawa inji da kansa yakan gano ya maido da kuɗin cikin mintoci ko 'yan awoyi. In bai gano ba, tilas sai mutane sun buɗe littattafan ɓangarorin biyu sun gwada. Namu kuɗin irin waɗannan ne, ga shi kuma sun maƙale rabin awa bayan an tashi daga aiki, a bakin hutu mai tsawo.

Na tambaye shi dalilin da ya sa abin ya fi faruwa gab da Salla. Ya ce in tuna yadda hanyar Funtuwa zuwa Zariya ke cushewa ranar jajibiri. Hanyar kuɗi ma haka take. Ranar da kowa ke biyan kuɗin rago da na tela, ma'aikata suna aika wa iyayensu na cefane, ranar ce kaya suka fi yi wa injuna yawa, kuma ita ce ranar da masu gyara ke shirin tafiya gida.

Shi kuwa mai POS, ya kamata iyayenmu su gane cewa ɗan kasuwa ne kamar kowa, ba ma'aikacin banki ba. Na ga mutane suna cin kwalarsa in kuɗi sun maƙale, alhali shi ma lambar da muke bugawa ita yake bugawa. Yana tashi in magariba ta yi saboda tsaro, kuma a kwanakin hutu takardun kuɗi sukan yanke masa, tun da bankin da yake ɗebowa a rufe yake.

Ranakun da ba a ƙirgawa

Tun da lissafin ya rataya ga ranakun hutu, ya kamata kowa ya san su. Akwai waɗanda ba su motsi: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Akwai masu motsi: Juma'a da Litinin na bikin Ista, da Ƙaramar Salla, da Babbar Salla, da Mauludi. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke sanar da su a rediyo 'yan kwanaki kafin su zo. In rana ta faɗo Asabar ko Lahadi, akan ba da Litinin a madadinta. Na Salla kuwa sun dogara ga ganin wata da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, don haka sukan canza. A Ƙaramar Sallar 2024 an fara ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, da azumi ya cika talatin sai aka ƙara da Alhamis 11 ga wata.

Mu mutanen wannan yanki mun san wata hanyar kuma da ƙofar bankin waya ke rufuwa ba tare da an yi hutu ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ba a fara maido da su ba sai ƙarshen shekarar. Ina firamare a lokacin, amma na tuna yadda mutane ke hawa mota su nufi wajen Zariya don kawai su buga waya ko su karɓi kuɗin da aka turo musu. Ko ba wannan ba, caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke, to bankinka ya rufe, ko da kuwa can Legas suna zaune suna jiran kira.

Haƙƙin mai ajiya

Kada wani ya ɗauka mai ajiya ba shi da gata. Malam ya nuna mini cewa Babban Banki ya sha kafa ƙa'idoji a kan wannan. A 2018 ya ce kuɗin da aka tura nan take suka ƙi shiga, in an kai ƙorafi ba a maido da su cikin awa 24 ba, za a ci bankin tarar Naira 10,000. A watan Yuni na 2020 ya ce in na'urar ATM ta wani banki ta riƙe maka kuɗi a maido cikin awa 48, na POS kuwa cikin awa 72. Ka ga ke nan wa'adin da aka faɗa maka a waya ba shi ne ƙarshen magana ba, kana da ikon ka yi ta tuntuɓa. Tsarin shi ne ka fara kai kuka ga bankinka ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba a share maka hawaye ba, sai ka rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, wanda yake da reshe a birnin Katsina.

Inna ta fi kowa tsorata a kwanakin nan, tana cewa kamfanin da ba ka san gidansa ba in ya gudu ina za ka bi shi. Amsar ita ce akwai hukumar inshorar kuɗin ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988. A 2024 ta ɗaga abin da za ta biya mai ajiya in banki ya rushe zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Abin lura shi ne mutum ya tabbata inda yake ajiya yana da lasisin Babban Banki.

Sai bango ya tsage

Akwai wasu mutane kuma da su ma ba su hutun Salla, watau 'yan damfara. Ranar Asabar Yayana ya ƙosa, ya rubuta kukanmu a Facebook har da lambar wayar Baba. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga kira. Wani mutum ne mai daɗin baki, da Hausa tsantsa, ya ce daga banki yake, ya ga ƙorafinmu, yanzu zai maido da kuɗin, amma za a turo wasu lambobi ta saƙo mu karanta masa. Baba har ya fara hamdala don ya sami mai jin yarensa. Allah ya taimake mu na karanta saƙon, na ga an rubuta a ciki kada a faɗa wa kowa. Na kashe wayar. Da mun karanta masa, da 'yan canjin da suka rage ma sun tafi. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko lambar nan da ake turowa ta saƙo, ko lambobin jikin kati. Ɓarayin nan sun san lokacin da mutum ya ƙosa kuma ofis ke rufe, lokacin suke fitowa farauta.

Yadda aka ƙare

Ranar Litinin ganyen masara ya fara sauya launi. Kawu ya ce wa Baba su je gidan Alhaji gaisuwar Salla. Bayan an gaisa an ci nama, Kawu ya kawo maganar. Alhaji ya yi murmushi, ya ce mahaifinsa ya sayi audugar Kaka shekara da shekaru ba a taɓa jin kansu ba, don haka a ɗauki kamfa buhu biyu a je a zuba, sauran in kuɗi sun fito. Da yammar nan muka zuba taki, ni da Yaya da ƙannena. Ranar Talata na komo makaranta da ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ba ko kuɗin sabulu, zuciyata tana gida. A ranar ne Alhaji ya je bankinsa da aka buɗe, ya karɓo takardar bayanin asusunsa wadda ta nuna kuɗin ba su shiga ba, Yaya ya ɗauki hotonta ya aika tare da lambar ƙorafi. Daren Laraba kuɗin suka komo asusun Baba cif, ba ko kwabo da ya yi ciwon kai. Yaya ne ya kawo mini labari ranar ziyara, tare da guzurina. Kaka kuwa ya sami abin ramuwa, kullum sai ya tambayi Baba ko an buɗe ƙofar bankin nan marar ƙofa.

Ban rubuta wannan don in ce a guji bankin waya ba. Har gobe da shi Baba ke ciniki, da shi kuma iyaye da yawa ke aiko mana da guzuri. Sai dai ga 'yan shawarwari da na tsinta.

Na farko, ba a fafe gora ranar tafiya. Babban biya, kamar kuɗin taki ko na makaranta ko na jarrabawa, a yi shi da safe a farkon mako, kada a bari sai yammacin Juma'a ko jajibirin Salla.

Na biyu, in an ba ka wa'adi ka tambaya ko kwanakin aiki ake nufi, ka ce a faɗa maka ranar da sunanta da kwanan wata.

Na uku, in kuɗi sun maƙale kada ka sake turawa nan take, don suna iya shiga sau biyu. Ka adana rasit, musamman doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikinsa, da ita ake bin sawun kuɗi. Ka kai ƙorafi a ranar, ko da hutu ne, don ka shiga layi da wuri.

Na huɗu, lambar da za ka buga ka ɗauke ta daga cikin manhaja ko bayan kati, ka rubuta ta a takarda tare da hanyar toshe asusu, don ranar da aka sace waya ba za ka sami inda za ka duba ba.

Na biyar, kada a tara dukiya duka wuri ɗaya. A raba asusu biyu, a kuma riƙe 'yan kuɗi a hannu da za su ishi gida kwanakin hutu.

Na ƙarshe naku ne, 'yan'uwana ɗalibai. Mu ne idon iyayenmu a wannan sha'ani, mu ke karanta musu saƙo, mu ke yi musu tafinta. Mu fassara musu kowace kalma yadda take, kada mu yar da ko ɗaya kamar yadda na yi. Kuma mu riƙe mutuncin gidajenmu da amanar mutane, don a ranar da inji ya tsaya, ofis ya rufe, tsohon cinikin Kaka ne ya sa masararmu ta sami taki a kan kari.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyar iyayenmu, ya ba mu sa'ar karatu, amin.